Jan Zoɓon da Ke Zanin Mama

Ku matso kusa, 'yan uwa, na yau har da kunyata a ciki. Ke da kika rubuto min cewa wai kullum laifin Anti Eunice nake fallasawa ina ɓoye nawa, to ga nawa nan, ki ci ki ƙoshi.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Edith, malamar firamare ce ni, a Narayi nake zaune da mahaifina Baba Filibus, mu biyu rak tun da Mama ta rasu. Baba yana da ƙanwa a Kamazou, Anti Eunice, wadda ta ɗauki aurar da ni kamar kwangilar da gwamnati ta ba ta. Ɗan takararta Benjamin ne, ma'aikacin sakatariya, mai takalmi yana sheƙi, fansho na jiransa a gaba. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma ni zuciyata tana Kakuri, a wani ɗaki saman shagon kayan mota, wurin Cyril.

Cyril Ibo ne, sai dai a Kakuri aka binne cibiyarsa, Hausa kuwa kamar jakin Kano. Dogo ne, ga kunya, in yana magana da manya sai ya rasa inda zai sa hannunsa. Baba bai taɓa ɗaga maganar yarensa ba, wallahi ko sau ɗaya. Abu ɗaya ne ya tokare masa wuya, shi ne aiki.

Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne. A sashen zane da haɗa launi ya yi ƙuruciyarsa har aka rufe kamfanin. Shi a wurinsa aiki shi ne abin da za ka ɗaga sama ka ce ga shi. Ranar da na fara yi masa maganar Cyril, tambaya ɗaya ya yi min.

"Me yake yi?"

"Aikin kwamfuta, Baba. Wani kamfani na waje yake yi wa, daga ɗakinsa."

"Na ji. Me yake yi?"

Gaskiya ni ma a lokacin ban sani ba.

"To ki ji," in ji Baba. "Mutumin da ban ga aikinsa da idona ba, ba zai zauna min a kujera ya nemi 'yata ba."

Anti Eunice kuwa abin nema ya samu. "Yaran nan masu kwana gaban kwamfuta, kin san 'yan damfara ake kiransu a gari. Ranar da aka zo kama shi, da zoben naki za a haɗa."

Haushi ya sa washegari ina tashi daga makaranta na hau keke sai Kakuri. Na haye benen nan mai warin baƙin mai, na sami Cyril da singileti, ya ƙura wa allon kwamfuta ido, shayinsa ya yi sanyi har ƙuda ya mutu a ciki.

"Yau sai ka faɗa min abin da kake yi," na ce. "Da Hausa. In ka sako min turancinku zan tafi."

Ya yi dariya, ya jawo min kujera. "Kin san bidiyo kaya ne mai nauyi ko? Kafin a tura shi ta waya sai an ɗaure shi tamau, in ya isa wayarki ta kwance. Ni a gefen kwancewa nake."

"Sai me?"

"Masu ɗaurin suna da wayo. Sun gano ido ya fi kula da haske da duhu fiye da launi. Sai suke rage launin a hanya don kayan su yi sauƙi. Hoton da kike gani ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Kowane ɗigo ana barinsa da haskensa, amma launi sai a ce ɗigo huɗu su ci a kwano ɗaya."

"Rowa ke nan."

"Rowa ce mai amfani, da ba ita da datarki ba ta kwana. Amma masu shirya fim da masu zanen kaya ba sa yarda, su kowane ɗigo da launinsa suke so. To in aka bar launin duka, kaya ya kumbura. Aikina shi ne a bar shi duka, kuma kada ya kumbura."

"Ta yaya? Tsafi?"

"Hasashe. Yawanci inda haske ya canza, launi ma a nan yake canzawa. Sai in koya wa mai kwancewa ya dubi hasken ya cinki launin da kansa. Abin da ya kuskure kaɗai ake aiko masa ya gyara. Kin ga ba a ɗauko abu sau biyu ba."

Na gane, amma na ƙi nuna masa don kada kansa ya fashe. Ina latsa wayata sai ya hango hoton da ke fuskarta, Mama ce a bakin coci tana riƙe da ni ina jaririya, ranar da aka miƙa ni ga Ubangiji. Ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu.

"Wannan dabbare-dabbaren da ke tsakanin ganyen fa?"

"Ba dabbare ba ne, wasu 'yan jajayen furanni ne ƙanana. A hoto ne ba sa fita. Baba ne ya zana atamfar."

Kun taɓa ganin namiji ya ga abin da ya fi budurwarsa burge shi a gaban budurwar? Ni na gani. Idonsa har wani ƙyalli yake. Wai ja siriri a kan kore, kuma haskensu ɗaya, wai irin abin da yake nema ke nan ya gwada aikinsa, don a nan ne hasashe ke shan kashi.

"Zanin yana nan?"

"Yana akwatin Mama. Kada ma ka fara."

"Rabin yini kawai, Edi."

Na ce a'a. Na sake cewa a'a. To amma in Cyril ya ce "Edi" da wannan muryar, a'a tawa ba ta da ƙashi.

Akwatin Mama na ƙarfe ne, shuɗi, yana ƙarƙashin gadon Baba. Tun da aka binne ta ba wanda ya buɗe shi sai Baba, shi ma sai ya rufe ƙofa. Ranar Lahadi da ya tafi taron dattawan coci na jawo shi. Ina ɗaga murfin ƙamshin kafur da man da take shafawa suka buge ni, sai da na zauna a ƙasa na ɗan yi kuka tukuna. Zanin yana can ƙasa, an naɗe shi cikin farin ƙyalle. Kore ne shar, da ganye manya masu baƙin gefe, tsakaninsu kuma 'yan jajayen nan, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Cyril ya aro kyamara mai kyau wurin abokinsa. Ya ce kaya a shimfiɗe ba gwaji ba ne, sai yana motsi. Don haka na ɗaura zanin a kan farar rigata, na yi ɗaurin kallabi irin na Mama, mai karkata gefen hagu, muka hau rufin benen da rana tsaka. Ya ce in yi tafiya, na yi. Ya ce in juya, na juya. Wani mai shago a ƙasa ya saki waƙar zumuntar mata, ƙafata ta ƙi tsayawa, na taka rawa ina dariya. Da na waiwaya, bawan Allah ya bar kallon kyamarar, ni yake kallo.

"Malam, aikinka," na ce.

"Shi nake yi," ya ce.

Kafin Baba ya dawo na mayar da zanin, na naɗe shi yadda na same shi. Da a nan na tsaya, da yau ba ku da labari.

Amma na matsa wa Cyril ya turo min guntun bidiyon a waya. Ya ce, "Zai lalace a hanya fa, manhajar za ta sake matse shi." Na ce ya turo kawai. Na kalla, na ga na yi kyau, kai, na yi kyau ƙwarai. Shaiɗan ya ce ɗora a sitatus. Na bi na toshe Baba, na toshe matar fasto, na toshe 'yan kwaya. Mutum ɗaya na manta. Kun riga kun san ko wace ce.

Washegari na dawo daga makaranta na ga takalmin Anti Eunice a bakin ƙofa, ja mai tsini, wanda take sawa in za ta kai ƙara. Na shiga da sallama, ba wanda ya amsa. Baba yana kan kujerarsa, ya kai wayarta har kusa da hancinsa, waƙar zumuntar mata na tashi a hankali.

"Ga ta nan," in ji Anti. "Zanin matarka, Yaya. Zanin da ko ni ba ka bari na taɓa ba. Ta kai wa ɗan kwamfuta suna rawa a saman kwano, duniya na kallo."

Baba bai ɗago ba. Ya sake kunna bidiyon. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake kunnawa.

"Ina jan?" ya ce.

"Wane ja kuma, Yaya? Ana maganar mutunci kana maganar ja?"

"Ina jan da ke tsakanin ganyen?"

Na leƙa ta kafaɗarsa. Yesu na! 'Yan furannin duk sun narke cikin koren, sun zama wani ƙasa-ƙasa kamar an ɗiga miya a jiki. Abin da Cyril yake yaƙi da shi dare da rana, shi ne aka kawo wa Baba a matsayin aikinsa.

"Baba, ba haka yake ba, wayar ce ta..."

"Shi ya ɗauka?"

"Shi ne, amma..."

Ya miƙa wa Anti wayarta. Hannunsa na rawa, abin da ban taɓa gani ba. "Eunice, mutanen da kike ta damuna da su. Ki ce su zo."

Ya tashi ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Na ji ƙarar akwatin ana jawo shi. Anti ta ɗauki jakarta tana gyara ɗankwali, har da ce min wata rana zan gode mata.

Ni kam na shiga kicin na zauna kan buhun masara ina rubuta wa Cyril saƙo, hawaye na ɗiga kan allo.

"Na kashe mu."

"Me ya faru?"

"Baba ya ga bidiyon. Ya ce ina jan. Ya ce mutanen Benjamin su zo."

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ga shi: "Jan ya tambaya? Ba rawar ba?"

"Jan."

"To gobe zan zo."

"Ka haukace? Korarka zai yi."

"Ya ce sai ya ga aikina da idonsa. Bai gani ba tukuna. Ki ajiye min wurin soket."

Ban san Cyril yana da wannan zuciyar ba, na rantse. Mutumin da in ya hango Baba a kasuwar Sabon Tasha yake canza layi.

Da la'asar washegari keke ya tsaya a ƙofarmu. Na leƙa ta taga na ga allo ƙato naɗe cikin bargo yana fitowa, ƙafafun mutum a ƙarƙashinsa. Ya sa farar shadda wadda na san aro ce, don hannun bai kai masa wuyan hannu ba. Maƙwabciyarmu har ta bar wankinta ta zo bakin katanga.

Baba yana tsakar gida yana jin rediyo. Cyril ya ajiye allon a hankali, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Sunana Cyril. Ni na sa aka ɗauko zanin, laifina ne, ba na Edith ba. Ban zo neman komai ba. An nuna maka abin da aka ce aikina ne, ni kuma na zo da aikin nawa. In ka gani ka ce in tafi, zan tafi."

Baba ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Ya kashe rediyon.

"Rigar wa ka aro?"

"Ta yayana, Baba."

"Ta yi maka kaɗan. Shigo da abin."

Allah ya taimake mu akwai wuta. Cyril ya ɗora allon kan teburin falo, ya ture fulawar roba da hoton bikin su Mama gefe da ladabi, ya haɗa wayoyinsa. Zufa har ta jiƙa masa baya. Ni ina raɓe a bakin labule, ban shiga ba ban fita ba.

"Wannan shi ne wanda ka gani jiya," ya ce. Ya kunna, ya tsayar daidai inda na juya. Ganye ya cika allon, da dabbaren nan masu kama da miya. Baba ya ja tsaki.

"Wannan kuma nawa."

Ya danna. Hoto ɗaya ne, wuri ɗaya, amma 'yan uwa, sai ga su. Ja jawur, kowanne da 'yan yatsunsa biyar a tsaye, da bakinsa a tsuke, sun fito ɗaya bayan ɗaya a kan koren. Cyril ya ƙara buɗa hoton har guda ɗaya ya kai girman tafin hannu.

Baba ya tashi daga kujera. Ya tako har gaban allon, ya ɗaga yatsa kamar zai taɓa, ya fasa.

"Zoɓo ne," na ce, ban san ma na yi magana ba. Shekara da shekaru ina ce musu furanni.

"Zoɓo ne," in ji Baba, bai juyo ba. "Mamanki zoɓo take sayarwa a bakin get ɗin masaƙa. A nan na gan ta. Na sha zoɓo har haƙorana suka rine kafin ta yarda ta faɗa min sunanta." Ya sauke yatsansa. "Shekarar da soja suka miƙa mulki aka ce mu fito da sabon zane. Tana da cikinki. Na sa wannan a tsakanin ganye. Oga ya ce ya yi ƙanƙanta, ba mai gani. Na ce akwai mai gani."

Ya juya ga Cyril. "Ya aka yi naka bai narke ba?"

Cyril ya fara bayani, ya yi maganar ɗauri da kwancewa, da yadda launi ke bin sawun haske. Ina jiran Baba ya katse shi, sai na ga yana gyaɗa kai.

"Haka muke bugawa. Baƙin layi ke fara sauka, sauran launuka su bi shi. Kore ba ya tambayar hanya, baƙi yake bi." Ya nuna zoɓon da haɓa. "Amma wannan ban yi masa baƙin gefe ba. Ba ya bin kowa."

"Shi ya sa ya ba ni wuya, Baba. Hasashena duk ya faɗi a kansa. Sai da na koya wa abin ya gane irin wurin nan, ya daina cinka, ya karɓi jan yadda yake. Sauran wuraren ya yi tsimi, a nan ya kashe."

"Ya ba ka wuya?"

"Ya hana ni cin abinci."

Baba ya yi dariya! Dariya ta gaske, har da riƙe gefen tebur. Rabon da in ji wannan dariyar tun Mama na da rai. "Ni ma ya ba ni wuya. Yadi nawa muka ɓata kafin ya zauna. Da ya goce da gashi ɗaya sai a jefar."

Sai ya ce a sake kunnawa daga farko, a bar shi ya tafi. Muka tsaya mu uku muna kallona ina tafiya a saman bene, kallabi ya karkata hagu, ina dariya, zoɓo na rawa a jikina. Baba ya koma ya zauna a hankali.

"Edith, ɗauko zanin."

Na ɗauko na ɗora masa a cinya. Ya shafa shi, ya kai shi kusa da fuska, ya matsar, ya sake kawowa.

"Kina ganinsu a nan?"

"Ina gani, Baba."

"Ni na daina ganinsu tun bara." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin ruwan sama. "Yanar ido ce ke rufe min gani. Nakan buɗe akwatin in duba, kore kawai nake gani. Jiya da Eunice ta ba ni waya na ce to, waya tana da haske, bari in gani. Ban gani ba. Na ɗauka idon ne ya ƙarasa."

Wayyo Allah. Ashe ba fushi ba ne ya sa hannunsa rawa, tsoro ne. Ina gida ɗaya da shi, ina dafa masa tuwo, ina wanke masa tabarau, ban sani ba. Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa na yi kuka mai isata, shi kuma yana bubbuga min baya yana cewa in bari, ina jiƙa zanin. Ina son tsohon nan, 'yan uwa, ina son shi har ban san yadda zan faɗa ba.

"Ana cire yanar ido, Baba," in ji Cyril a hankali. "An yi wa kakata."

"Kai kuma wa ya tambaye ka?" Amma babu zafi a muryar. Ya dube shi. "Na ga aikinka. Ka faɗa wa mahaifinka ina gida ranar Asabar."

Cyril ya sake durƙusawa, gwiwarsa ta bugi tebur, fulawar roba ta faɗo. Na miƙa hannu zan karɓi zanin in mayar akwati, Baba ya riƙe.

"Ya gama zaman akwati. Naki ne."

Daidai nan wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya kai ta kusa da hanci yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya miƙo min.

"Karanta min."

Bai taɓa cewa in karanta masa komai ba sai ranar nan. Na karɓa. Anti Eunice ce. Na karanta a zuci tukuna.

"Da ƙarfi," in ji Baba.

"Ta ce... Yaya, na isar da saƙonka. Iyayen Benjamin sun yi murna ƙwarai. Suna tafe ranar Asabar da kawunansa daga gida, har sun kama akuya."

Cyril yana tsugune da fulawar roba a hannu, ya kasa ajiyewa. Duk Narayi an san Baba Filibus ba ya faɗa ya janye, ko a coci in ya ce e, an gama.

Baba ya kalli allon, inda zoɓon nan guda ɗaya ya tsaya ja jawur.

"Bakin da ya ce su zo nawa ne," ya ce. "Ba zan aika a ce su koma ba."

"Baba..."

"Na ce su zo. Ban ce musu ga abin da za su tarar ba." Ya ɗora min zanin a hannu, ya danne da tafinsa. "Ki aro kujeru a coci. Kuma ranar Asabar wannan za ki ɗaura."